WA KE MAGANA DA SUNAN AL'UMMA? ABIN DA YA FARU BAYAN LABULEN "LE PARRAIN"

A shekara ta 1972 kamfanin Paramount na Amurka ya fitar da silimar nan The Godfather, wadda aka sani da sunan Le Parrain a ƙasashe masu aiki da faransanci. An ɗauko labarinta daga littafin da Mario Puzo ya wallafa a 1969, kan wani gida na ƴan asalin Italiya a birnin Niyok wanda arzikinsa ya tsayu bisa caca, cin hanci da kisan kai. A 2006 wani fim na bayani mai suna The Godfather and the Mob ya bi diddigin yadda aka yi wannan aiki. Abin da ya tono ya shafi yadda ake nuna wata al'umma ga idon duniya, da kuma wanda ya cancanta ya yi magana da sunanta.

Tun ba a fara ɗaukar hoto ba, wata ƙungiya mai kare haƙƙin Amurkawa ƴan asalin Italiya ta tashi tsaye. Kukanta kuwa yana da tushe. Miliyoyin Italiyawa sun yi ƙaura zuwa Amurka tun daga ƙarshen ƙarni na 19, akasarinsu leburori, magina da ƙananan ƴan kasuwa, amma silima ta saba nuna su a matsayin miyagu. Sai dai wanda ya kafa ƙungiyar a 1970, Joe Colombo, shi kansa shugaban ɗaya daga cikin gidaje biyar na mafiya ne a Niyok. An ba kura ajiyar nama ke nan.

A watan Maris na 1971 mai shirya silimar, Albert Ruddy, ya sasanta da ƙungiyar bisa cewa kalmomin "Mafia" da "Cosa Nostra" ba za su fito daga bakin ƴan wasa ba. A cewar Ruddy, ta farkon sau ɗaya tak ta bayyana a cikin rubutun. Daga nan ƙofofin da aka rufe wa ma'aikatan silimar suka buɗe, har Lenny Montana, tsohon ɗan kokawa mai hulɗa da gidan Colombo, ya samu fitowa a matsayin Luca Brasi. Ranar 28 ga watan Yuni na wannan shekara aka harbi Colombo a wurin taron ƙungiyar, ya kwanta a shanye har rasuwarsa a 1978.

To, me al'ummar ta samu? An share kalma, amma hoton yana nan yadda yake. Canjin gaskiya ya zo ne ta wata hanya. Bayan asarar da Paramount ta yi a 1968 da silimar The Brotherhood, wadda Kirk Douglas ya ja ragamarta, sai ta ɗanka aikin ga Francis Ford Coppola, jikan Italiyawa. Shi ne ya dage sai an ɗauki Al Pacino, ko da yake kamfanin bai so ba. Ta hannunsa biki, abinci da harshen Sisiliya suka shiga silimar da mutuncinsu, ko da yake jini bai rabu da su ba.

Akwai kuma waɗanda ba su zauna wurin sasantawar ba. A taron shugabannin mafiya cikin silimar, wani ya kawo shawarar a tsaida cinikin ƙwaya a tsakanin baƙar fata, yana faɗin haka da wulaƙanci. Mata kuwa, wurinsu ya bayyana a hoton ƙarshe, inda aka rufe ƙofa a fuskar matar Michael. A 1973 Marlon Brando ya ƙi karɓar lambar Oscar, ya aiko Sacheen Littlefeather ta koka kan yadda silima ke nuna Indiyawan Amurka. Wasu suka yi mata ihu, kuma hukumar lambar ba ta nemi gafararta ba sai a 2022.

Saboda haka, duk hukumar da ke sauraren koken wata al'umma, wajibi ne ta bincika wa ya aiko mai magana, me yake karewa, kuma su wa aka bari a waje. Wanda ya fi ɗaga murya yana iya samun biyan bukatarsa, alhali talakan da aka ambaci sunansa bai ga canji ba.