Sharhi: Nakiya ko girgizar ƙasa? Yadda ilimin sauti zai raba gardamar Mpape

Duk lokacin da ƙasa ta motsa a Mpape, da ke Ƙaramar Hukumar Bwari a Babban Birnin Tarayya, tambaya guda ce ke fara yawo a bakin mazauna: nakiyar masu fasa dutse ce, ko kuwa daga can ƙarƙashin ƙasa abin ya taso?

An yi wannan tambaya a watan Satumban 2018, sa'ilin da aka shafe kwanaki ana jin motsin a Mpape da Maitama, har hukumomin birnin suka dakatar da fasa duwatsu da haƙar rijiyoyin burtsatse a yankin. An sake yin ta a Satumban 2024, lokacin da Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya, wato NGSA, ta ce tasharta ta Katampe ta naɗi jerin ƙananan motsi.

A kan amsar ne ake sanin wanda zai ɗauki alhakin bangon da ya tsage, kuma a kanta abincin ɗimbin ma'aikatan wuraren fasa dutse ya rataya. Ilimin sauti na da abin cewa a nan.

Sauti dai bugu ne da ke ratsa iska ko ruwa ko dutse a matsayin igiya. Idan aka jefa tsakuwa a Madatsar Usuma, igiya za ta bazu har gaɓa, amma ruwan yana tashi ne yana sauka a inda yake. Ƙarfin bugun ne kaɗai ke tafiya. Saurin tafiyar kuwa ya danganta da abin da igiyar ke bi. A iska kimanin mita 340 ne a daƙiƙa, a ruwa kusan mita 1,500, a dutse mai tauri kuwa yakan kai mita 5,000 ko fiye.

Saboda haka, wanda gidansa ke da nisan kilomita ɗaya daga wurin da aka tayar da nakiya zai ji bugun sau biyu. Na ƙasa zai riske shi kafin rubu'in daƙiƙa, sannan ƙarar ta iso ta iska bayan kusan daƙiƙa uku, kamar yadda tsawa ke biyo bayan walƙiya. Idan kuwa duwatsun ƙarƙashin ƙasa ne suka gusa, rugugin yakan fito ne daga ƙasar da mutum ke tsaye a kai, kusan tare da jijjigar.

Sai dai shaidar kunne ba ta wadatar ba. Kunnen ɗan Adam yana kama sautin da ke kaɗawa tsakanin sau 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, alhali igiyar da ta gaza haka tana iya jijjiga tagogi da rufin kwano ba tare da an ji ta ba.

Na'urar auna motsin ƙasa ce ke cike wannan giɓi. Tana naɗar igiyoyi iri biyu: mai turawa da janyewa, wadda ke fara isowa, da mai kaɗawa gefe da gefe, wadda ke biyo baya. Tazarar da ke tsakaninsu ce ke nuna nisan tushen motsin, kuma idan aka haɗa bayanan tashoshi uku ko fiye, ana iya gano wurin da zurfinsa. Nakiya a saman ƙasa take fashewa, kuma igiyarta mai turawa takan rinjaya. Motsin da ya taso daga zurfin kilomitoci ba ya kama da ita a na'ura.

Ta fuskar doka, hukumar kare muhalli ta NESREA tana da ƙa'idojin taƙaita ƙara na shekarar 2009, da na fasa duwatsu da amfani da nakiya na 2013. Abin da zai ba su ƙarfi shi ne awo.

Idan aka wajabta wa kowane kamfani rubuta rana da sa'ar da ya tayar da nakiya, aka ƙara na'urori a kewayen Mpape, sannan aka riƙa bayyana sakamakon ga jama'a, gwada bayanan biyu zai nuna gaskiya cikin sauƙi. Ta haka mai gidan da bangonsa ya tsage zai sami hujjar neman haƙƙinsa, kamfanin da ba shi da hannu kuma ya kuɓuta daga zargi.