Waiwaye: Gansakuka da ruwan da ya daina ƙafewa

A da babu mai neman maganin gansakuka a Babura, domin rani yana nan tafe. Kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini sukan cika da damina. Zuwa kaka ruwan ya yi kore shar, kainuwa ta rufe gefe guda, kwaɗi na ta sha'aninsu. Kafin bazara ta kankama komai ya ƙafe, ƙasa ta tsattsage, masu yin tubali su shiga su kwashe laka. Duk dattin da ruwa ya tara, rana ta ƙone rabi, magina su tafi da sauran. Randa kuwa tana cikin inuwa da faifai a bakinta, kuma uwargida ba ta bari ta yi santsi ba ta ɗauraye ta ba.

Yanzu rijiyar burtsatse da sola sun sa ruwa yana kwana yana tashi shekara sukutum. Matashi zai kafa tankin tamfol a bayan gida, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa, ya sayo buhun abinci mai ɗan karen tsada. Ba a rufa wata biyu sai ka ji kukan da masu kiwon kifi ke yi ko'ina: ruwa ya yi kore, an wanke, ya dawo.

Dole ya dawo. Gansakuka tsiro ce, bukatarta haske da taki, kuma mai tanki yana ba ta duka biyun ba da saninsa ba. Abincin da kifi bai cinye ba ya nutse ya ruɓe, ga kashin kifin kansa, dukkansu cike da sinadaran da manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun NPK. Ranar Babura kuma ba sai an roƙe ta ba. Da rana gansakukar tana sakin iskar da kifi ke shaƙa, da dare ta koma tana rububin iskar tare da shi. Shi ya sa ɓarnar take faruwa gab da asuba. Mai karfasa zai fito daga masallaci ya tarar da kifinsa a saman ruwa, baki buɗe, suna haki. Mai tarwaɗa ya fi shiga ruɗu, saboda tarwaɗa tana iya shaƙar iskar sarari, ba ta saurin mutuwa. Sai dai ta rage cin abinci, girma ya tsaya, mutum ya yi ta zargin mai sayar da iri.

Ba kowane kore ne abin tsoro ba, karfasa ma cinsa take yi. Akwai gwajin da ba ya bukatar na'ura: ka tsoma hannu zuwa gwiwar hannu. In kana hangen tafinka, da sauƙi. In ya ɓace tun kafin ka kai nan, ruwan ya yi kauri.

Abin da ba na so shi ne gaggawar zuba magani. Zai kashe gansakukar kam, a yini guda ma. Amma gawar tana nan cikin tankin, tana ruɓewa tana zuƙe iska, sannan ta mayar wa ruwan takin da ta ci, sabuwa ta taso a kansa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mutanen yankin Haɗeja sun ga babbar irin wannan. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, duka biyun a kan ruwan da ke gangarowa zuwa Kogin Haɗeja. Kafin nan Kogin Haɗeja yakan yi ambaliya da damina, ya janye da rani, fadama ta bushe. Da dam-dam suka riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai kachalla ta sami abin da take so, wato ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta toshe hanyoyin ruwa daga Haɗeja har Nguru, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki. An sare ta da lauje, an cinna mata wuta, gwamnatoci sun sayo injunan yashe. Kachalla ba gansakuka ba ce, amma halinsu ɗaya: muddin ruwan bai sauya ba, wanda ya sare yau zai sake sarewa baɗi.

Waɗanda suka fi kowa gane wannan su ne masu ajiye kifin ado cikin akwatin gilashi, irin wanda ake gani a otal-otal da ofisoshin Kano. Ƙwararrunsu ba sa ajiye akwatin kusa da taga. Fitilarsa awa 6 zuwa 8 take yi a rana, abinci kuma gwargwadon abin da kifi zai cinye cikin 'yan mintoci. Duk mako su sauya wani kaso na ruwan, sannan su dasa tsirrai masu saurin girma don su riga gansakuka cin takin.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin mai tankin tamfol. Zana ko asabari a kan rabin tankin ta isa ta rage rana. Abinci a riƙa watsawa da kaɗan-kaɗan ana kallo, da kifi ya daina wawaso a tsaya. Dattin ƙasa a zuƙe shi da tiyo. Ana iya killace kainuwa a kusurwa guda, amma da sharaɗin a riƙa kwashe rararta duk mako, domin kwashewar ce ke fitar da takin daga ruwa. In an bar ta ta rufe tankin, ita ma da dare iskar kifin za ta sha. Bayan an kwashe kifi kuma, a bar tankin ya sha rana ya bushe ƙayau kafin a zuba sabon iri.

Sai batun inda ruwan da aka zubar yake zuwa. Da yawa lungu suke sakar wa shi, ya kwanta a ƙofar maƙwabta, sauro ya samu gida, a wayi gari ana gaban mai unguwa. Alhali ruwan nan taki ne tsagwaronsa. Wanda ya ja shi da tiyo zuwa 'yan kwamin alayyafo ko gindin zogale zai ga bambanci a ganyen, kuma ya rage kuɗin takin zamani.