Kafin ka ƙara wa motarka gudu, biya ta bashin da take bin ka

1/ Wannan zaren na masu C300 ne, da Accord 2018, da duk wata mota mai turbo. Ra'ayina ne, wanda bai gamsu ba mu haɗu a ƙasa. Amma don Allah ka kai ƙarshe kafin ka zage ni 😅

2/ Ɗan baffana ya sayi C300 ta 2016, 'yar Kwatano. Ko wata biyu ba ta yi a hannunsa ba ya kai aka taɓa kwamfutar injin don ta ƙara gudu, aka cire indomin salansa don ta riƙa ruri. Baƙin man da ke ciki kuwa tun na dillali ne.

3/ Cikin Afrilu mun taso daga Sakkwato za mu Goronyo. Mun wuce Achida kaɗan sai fitilar zafi ta kama, hayaƙi ya biyo baya, mota ta mutu. Dab da magariba. Duk ɗan Rimawa ya san mene ne tsayuwa a wannan hanyar da duhu a shekarun nan.

4/ Allah Ya kawo mai a-kori-kura ya ja mu zuwa cikin gari. Tun daga ranar na daina ɗaukar maganar gyaran mota a matsayin hirar gayu. A wajenmu lafiyar inji maganar rai ce.

5/ Ga yadda turbo yake aiki. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya wata 'yar fanka, ita kuma ta tura ƙarin iska cikin inji. Shi ya sa inji mai lita 2 yake ba C300 ƙarfin doki wajen 240. Fankar nan tana juyi sama da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafi mai tsanani.

6/ Abin da ke hana ta cinye kanta shi ne baƙin mai. Idan ka ƙara matsin iska ta kwamfuta, ka ƙara zafi. Ka haɗa da zafin Sakkwato da ke wuce digiri 40 a bazara. Ka ɗora wa jaki buhu biyu ba ka ba shi dusa ba.

7/ Sai fetur. Littafin C300 yana son fetur mai daraja ta sama. Mu a gidan mai famfo ɗaya ne, iri ɗaya. A ƙauye kuma sau da yawa 'yan bumburutu ne. Kun tuna Fabrairun 2022 da aka shigo da gurɓataccen fetur ya kashe wa mutane motoci? Injin da aka matsa wa shi ke fara bugawa.

8/ Don haka ga tsarin da nake ganin ya dace, bi da bi. Na farko: a sa mata kwamfuta a karanta matsalolinta. Ba a goge fitila ba, a gyara abin da ya kunna ta.

9/ Na biyu: juye. Ka zuba man da littafin motar ya ce. Accord mai turbo 1.5 tana shan 0W-20 ne, Benz tana da nata ma'aunin. Duk bakaniken da ya ce maka "20W-50 shi ad daidai da ƙasarmu", ka gode masa ka ɗauki makullinka. Kuma kada ka jira nisan da Turawa suke jira kafin juye, ƙurarmu ba tasu ba ce.

10/ Na uku: sanyaya inji. A wanke lagireto, a duba fanka da famfon ruwa, a zuba ruwan lagireto na gaskiya, ba na leda ba. Kada ka yarda a cire tamostat. Na huɗu: filtar iska, musamman bayan hunturu, sai fulogi na asali.

11/ Na biyar: birki da taya. Ka duba lambobi huɗu na gefen taya, su ne mako da shekarar da aka yi ta. Motar da ba ta iya tsayawa ba ta da buƙatar ƙarin gudu.

12/ Wani zai ce kuɗinsa ne, motarsa ce. Haka ne. Ban ce ƙarin ƙarfi haramun ba ne, ni ma ina son jin mota ta amsa. Amma idan turbo ya mutu sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, ka jira, ka biya, kuma na hannu za ka samu.

13/ Ƙa'idata: idan ba ka da kuɗin sayen wani turbo a ajiye, ba ka da kuɗin taɓa kwamfutar. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, cika tanki ma aiki ne.

14/ Wanda ba ya cin ko sisi: da safe kada ka taka ta da ƙarfi sai inji ya ɗumama. Idan ka yi doguwar tafiya da gudu, bar ta a kunne minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe.

15/ Motar ɗan baffana ta yi wata uku a gareji, kuɗin gyara ya ninka na gayun. Yanzu shi ke yi mini wa'azin juye. Masu turbo na Wurno, Rabah da Goronyo, wane mai kuke zubawa, kuma bayan kilomita nawa? Allah Ya tsare mana hanyoyinmu.