Daga Biu zuwa Panya: hutun da ba mu taɓa lissafawa ba

Duk wanda ya tsaya a Wapa lokacin da makarantu suka tashi hutu zai ga ma'aikata da 'yan kasuwa suna canjin dala. Tambayi inda suka nufa, amsar ba ta wuce Dubai, Alƙahira ko Istambul. In sun dawo, labarin farashin kaya ne, sai akwatunan da wani ɓangarensu zai ƙare a Kantin Kwari. Fatauci gadonmu ne, ban raina shi ba. Sai dai mun saka masa rigar hutu, har mun manta cewa ana iya tafiya don a kalli ƙasa kawai. 'Yan ƙalilan da ke sha'awar irin wannan kallo kuwa, idonsu na kan Santorini ta ƙasar Girka, tsibirin da aman wuta ya fafe cikinsa, suna jiran bizar Turai.

Ra'ayina shi ne, mai wannan sha'awa ya fara duba kudu da mu. Akwai jerin duwatsu masu aman wuta da ya taso daga cikin teku, daga tsibiran Annobon, Sawo Tome, Firinsife da Biyoko, ya hau tudu a Dutsen Kamaru, ya miƙa arewa. Masana da dama suna lissafa tsaunukan Biu na jihar Borno a cikinsa. Tafkin Tila da ke kusa da Biu bakin tsohon dutse ne da ya taɓa yin aman wuta, ruwa ya cika shi.

Biyoko, na ƙasar Ikwatoriyal Gini, shi ya fi kusa da mu, a taswira da kuma a tarihi. Dutsensa mafi tsawo, Basile, ya haura mita 3,000, birnin Malabo kuma yana zaune ne a gefen bakin wani dutsen da ya nutse, wanda ya zama tashar jiragen ruwa. Tokar da duwatsun suka zubar ita ta ba ƙasar albarkar da koko ke so, kokon kuma ya nemi hannaye. A 1942 Turawan Ingila da na Sifaniya suka ƙulla yarjejeniyar ɗaukar leburori daga Najeriya, dubbai suka ƙetara, akasarinsu daga kudu maso gabas. A lokacin sunan tsibirin Fanando Fo, su kuwa suna ce masa Panya. Sai a tsakiyar shekarun 1970 aka kwaso su, bayan wahalar da suka sha a mulkin Masiyas Ngema. Maƙwabcinka na Sabon Gari, wanda kake sayen kayan gyaran mota a shagonsa, ta yiwu kakansa ya sari koko a can. Baƙon da ya san wannan ba zai wuce tsofaffin gonakin ya ɗauki hoto kurum ba.

Kada a ɗauka duwatsun nan sun mutu. Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000. A watan Agustan 1986 kuma tafkin Niyos, wanda shi ma bakin dutse ne kamar Tila, ya saki iska mai shaƙe numfashi cikin dare, ta hallaka mutum sama da 1,700 da dabbobinsu. Shi ya sa ba a hawa irin waɗannan wurare sai da ɗan jagora na gari.

Na san abin da za a ce: hanyar Biu ba ta kwanta ba, kuma zuwa tsibiran nan daga Kano sai an bi ta Legas ko wani birnin, da tsada. Gaskiya ne. Amma tikitin Dubai ma bai taɓa araha ba, kuma masu sayar da shi a Fagge abin da ake tambaya suke nemowa. Har yanzu ban ji wanda ya shiga ya tambaye su Malabo ba.