Yarfe Da Ƙuri'a: Abin Da Zaɓen 2023 Ya Nuna A Lafia

Kafin zaɓen ran 25 ga Fabrairu, 2023, maganar addini da ƙabila ta fi kowace magana ƙarfi a Jihar Nasarawa. Tsayar da Bola Tinubu da Kashim Shettima, Musulmi biyu, shi ne ya zama abin jifa a bakin 'yan hamayya, su kuma magoya bayan APC suka riƙa mai da martani da irin wannan makami. Alhali kuwa sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya hana zage-zagen da za su taɓa addini ko ƙabila. Batun rikicin manoma da makiyaya, da na rashin aikin yi ga samari, sai aka tura shi gefe.

Yarfen ya yi tasiri, ba shakka. Peter Obi ya ci jihar da ƙuri'a 191,361, Tinubu ya samu 172,922.

Amma wanda ya ce talaka bai san abin da yake yi ba, to, bai duba takardun Majalisar Dattawa ba. A mazaɓar Kudu, watau wadda Lafia take ciki, Mohammed Onawo na PDP ya kayar da tsohon Gwamna Tanko Al-Makura, ɗan Lafia. Sauran kujeru biyu kuwa SDP ce ta kwashe. Rana ɗaya, akwati dabam-dabam, jam'iyyu uku. Mutanen nan kuma, bayan mako uku, INEC ta ce Abdullahi Sule na APC suka mayar gwamna, hukuncin da Kotun Ƙoli ta tabbatar a Janairun 2024.