RA'AYINMU: Araha Ba Ta Ado

A Amurka, mai ƙaramin ƙarfi yakan shiga kanti ya taya ƙaramar bindiga daidai aljihunsa, domin tsarin mulkinsu ya ba shi wannan dama tun 1791. To, nan ba Amurka ba ce.

Muna faɗin haka ne saboda 'yan'uwanmu mazauna Kudu, masu gadi da 'yan kasuwa, waɗanda tsoron 'yan fashi kan sa su sha'awar sayen fistol mai araha. Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, Shugaban Ƙasa ne kaɗai ke ba da lasin riƙe su. Dokar soja ta 1984 kuwa ta tanadi tarar Naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyu. Ga shi kuma ƙirar gida da ake tallarta a ɓoye takan fashe a hannun mai ita.

Kada mu manta da mafarauta 'yan Arewa 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo cikin Maris 2025, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Zalunci ne tsantsa, amma ya nuna yadda bindiga ke jawo wa baƙo zargi.

Saboda haka, jama'a, a sa kuɗin a ƙofa mai ƙarfi da fitila da 'yan sintiri, a riƙa kai ƙara wurin Sarkin Hausawa da 'yan sanda. Wanda ya bar iyali a gida don neman halal, ina amfanin ya ƙare a kurkuku?