A Kira Rewaya Kafin A Sauke Ƙofa

Yau gareji za mu leƙa, domin akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare wajen gyaran tsofaffin motoci, wadda muke ganin ya kamata a daina: datse wayoyin ƙofa da filaya idan an zo sauke ta don walda ko fenti.

Ɗabi'ar tana da asali. Yawancin manyan fanal bita da ke koyar da yara a yau a kan Fijo 504 hannunsu ya faɗa, motar da ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN kuma ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975 ya cika ƙasar nan da ita. Ƙofar yawancin 504 ƙarfe ce da gilashi da hannun murɗawa, ko makunnin fitilar ciki ma a jikin ginshiƙin motar yake. Ka kwance noti, ka ɗaga, an gama. Sai motocin Beljiyam suka shigo, ƙofa ta koma ɗauke da injin gilashi, makulli, sifika da madubi mai lantarki, dukkansu kuma wayoyinsu ta cikin robar nan mai kama da maƙogwaro suke bi, tsakanin ƙofa da ginshiƙi. Mota ta canza, hannu bai canza ba.

Abin da ya sa datsewar ta fi muni shi ne wurin da ake yin ta. Da an kwance ƙofa, wurin da filaya ke iya shiga shi ne daidai wannan maƙogwaro, kuma nan ne kaɗai waya ke lanƙwasawa duk lokacin da aka buɗe ko aka rufe. Ƙofar direba da ake buɗewa sau 10 a rana ta lanƙwasa wayar sau 3,650 a shekara, balle ta tasi. Idan an murɗe bakin wayoyin an naɗe da baƙin salatif, zafin bazara zai narkar da gam ɗin, damina ta zo ruwa ya shiga, jan ƙarfen ya yi kore. Idan da dalma aka liƙe, wurin ya sandare, wayar ta karye a gefen liƙin. Daga nan gilashi zai fara yi yau ya ƙi gobe, fis ya riƙa ƙonewa, har a sami mai dabarar da zai maye gurbinsa da guntuwar waya. To fis ɗin nan shi ne ke mutuwa domin kada wayoyin su yi zafi su kama wuta. An tafi neman gira ke nan.

Wani abin ma ba waya ba ce. Marsandi W124, wadda muke kira Bi-but, da Golf 3 da ta fito a 1991, da iska makullansu ke aiki: akwai ɗan famfo da siraran bututai da suka shiga kowace ƙofa. Yaron da bai sani ba zai haɗa da bututun ya datse, kuma iska na zurarewa a wuri ɗaya sai sauran ƙofofin ma su daina kullewa yadda ya kamata. Motocin da suka biyo baya kuwa, wasunsu na da sansar jakar iska ta gefe a cikin ƙofar, galibi da soket mai ruwan ɗorawa. Wannan ba wurin salatif ba ne, magana ce ta rai.

Aikin da ya dace ba wani siddabaru ba ne. A fara cire kan batir na baƙar waya, a jira 'yan mintoci idan motar na da jakar iska (amma a sauke ko a ɗaga gilashin yadda ake so tukuna, domin bayan an cire batir ba zai motsa ba). A janye robar a duba: wasu motocin akwai soket a jikin ginshiƙin, zarewa kawai za a yi. Waɗanda babu, sai an cire marfin cikin ƙofar, a zare soket na kowane abu ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hoto da waya, a manna wa kowanne alama, sannan a zaro damin wayoyin gaba ɗaya ya rage a jikin motar. Ledar da ke manne a bayan marfin a ɓare ta a hankali a ajiye, ita ke hana ruwan da ke bin gilashi jiƙa makunnai. Sai a zana layi a kewaye da hinji, a cire ƙarfen da ke hana ƙofa wangalewa, a tokare ta da jak, mutum biyu su riƙe, domin ƙofa da kayanta takan wuce kilo 20.

Za a ce mun matsa wa fanal bita, kuma yana da hujjarsa. Jinga aka yi da shi ta walda da fenti, mai mota ya ja ciniki har ƙasa, awa ɗaya ko biyu da zai ɓata a kan ƙofa huɗu ba wanda zai biya shi. Ga soket na motar da ta shekara 30 a rana ya bushe, kana taɓawa ya fashe a ce kai ka fasa, neman irinsa kuma sai an zaga Ƙofar Ruwa ko Panteka. Duk gaskiya ne. Shi ya sa muke ganin gyaran daga wajen ciniki zai fara. A al'adar garejinmu rewaya ne ake kira a ƙarshe, bayan fenti ya bushe, ya zo ya yi ta lalube cikin wayoyin da fenti ya rufe launinsu. A juya tsarin: shi zai fara zuwa ya zare, shi zai dawo ya mayar, kuma kuɗinsa ya shiga lissafi tun ranar farko. Ya fi arha a kan sayen injin gilashin da lafiyarsa ƙalau, don kawai an kasa gano waya ce ta karye a cikin roba.

Wanda kuma aka riga aka datse wa, akwai mafita. A yanke duk ɓangaren da ke lanƙwasawa, a sa sabuwar waya mai laushi mai kauri daidai da ta asali, haɗi ɗaya ya faɗa can cikin ƙofa, ɗaya can cikin ginshiƙi, a rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi. Kafin a cika kuɗin aiki, mai mota ya danna makunnin gilashi yana buɗe ƙofar yana rufewa a hankali. In gilashin ya tsaya ko sifika ta yi ƙaiƙayin murya a tsakiyar buɗewa, a sake janye robar a duba.